Wa ya mallaki dabarar matse hoto? Rigimar da ta shafi mai waya a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya taɓa tura hoto ta WhatsApp daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san 'yar da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar hoton. Ta kai rabi, ta tsaya cak. Ka ɗaga wayar sama, ka matsa inda aka ce sabis ya fi kamawa, ta ɗan motsa, sai kuma ta koma farko.

Dillalin dabbobi na son mai saye da ke Kudu ya ga bijimin kafin ya turo kuɗi. Mai shago na jiran hoton rasit kafin ya saki kaya. Ɗalibar da ke neman gurbi a wata makaranta na fama da shafin da ya ƙi karɓar hoton fasfo ɗinta saboda ya yi nauyi. Ni kaina, da abincina ke hannun editoci, na sha ɗaukar hotuna goma a kan hanyar Zurmi in aika biyu, ba don sun fi sauran kyau ba, sai don iyakar abin da sabis ya yarda ya ɗauka ke nan.

Abin da ke sa hoto ya samu wucewa ta irin wannan ƙuntataccen layi shi ne matse shi da wayar ke yi kafin ya tashi. Sama da shekara 30 ana wannan aiki da dabara guda wadda kowace waya ta iya, kuma yau ba wanda ke biyan ko sisi saboda ita. Yanzu wata sabuwar hanya ta ɓullo mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma manyan kamfanonin duniya na rige-rigen yi wa sassanta rajista a matsayin mallakarsu. Tambayar da ofisoshin rajista da kotuna ke fama da ita gajera ce: a cikin wannan fasaha mene ne sabo, mene ne kuma tsohon abu da aka shafa wa fenti?

Amsar za ta taɓa farashin waya a Ƙaura Namoda, da yawan datar da hoto ke ci a Shinkafi, har ma da ko hoton da ya fito daga Zurmi zai ci gaba da zama shaida.

Inda MB ɗaya ke da daraja

Mutanen arewacin Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin darajar sabis. A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a lokacin da ake farmakin 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi sai da suka shafe watanni ba layi, mutane na hawa mota zuwa wata jiha don kawai su yi kira ko su ga saƙon banki.

Bayan an maido da layin ma ba a koma daidai ba. Turakun sadarwa na buƙatar man dizal da masu gyara, kuma hanyar da za a bi a kai musu ita ce hanyar da matafiya ke tsoro. A harin da aka kai garin Zurmi a watan Afrilun 2024, wanda ya kai har fadar sarki, rahotanni sun ce maharan sun lalata kayan sadarwa na wani kamfanin waya. Sai kuma a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

A irin wannan wuri, fasahar da za ta rage nauyin hoto ba tare da ya lalace ba, ba kayan ƙwalisa ba ce. Ita ce bambancin saƙon da ya isa da wanda ya kwana yana juyi.

Auduga da gyaɗa

Garin Ƙaura ya san matsa kaya tun kafin a san kwamfuta. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a nan ya ƙare a 1929, kuma abin da ya zo ɗauka shi ne gyaɗa da auduga. Tarago ba ya ƙara girma, don haka kaya ne ke raguwa. Auduga danne ta ake yi a ɗaure dila, idan ta isa aka kwance tana nan yadda take. Gyaɗa kuwa ɓare ta ake yi a zubar da ɓawon, don ba wanda zai biya kuɗin jirgi a kan abin da ba a ci.

Matse hoto ma iri biyu ne kamar haka. Akwai wanda ba a zubar da komai, akwai wanda ake zubar da abin da ake ganin ido ba zai nema ba. Hoton waya na biyun ake yi masa, kuma lissafi zai nuna dalili. Kyamara mai ɗigo miliyan 12, kowane ɗigo na buƙatar lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, don haka ɗanyen hoto guda ya kai MB 36. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, shi ke mayar da shi MB uku ko huɗu. WhatsApp kuma ya ƙara rage shi sosai, sai dai idan ka zaɓi HD, zaɓin da aka ƙara a 2023.

JPEG na yanka hoto ne zuwa ƙananan murabba'ai, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya auna kowanne da wani lissafi, ya riƙe abin da ido ke lura da shi, ya watsar da ƙananan bambance-bambance, musamman na launi. Shi ya sa hoton da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure ke fitowa da dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu. Lissafin da ke tsakiyar wannan aiki, wani injiniya haifaffen Indiya mai suna Nasir Ahmed ne ya fara kawo shi lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas a Amurka, aka wallafa shi a Janairun 1974 tare da abokan aikinsa biyu. Da yake an wallafa shi a fili, ba wanda zai zo daga baya ya ce shi ya ƙirƙiro shi.

Saƙo ga tela

Sabuwar hanyar ta sha bamban. A ce kana Zurmi, telanka na Ƙaura, kana son riga irin wadda ka gani a jikin wani. Ba sai ka lissafa masa zare ɗaya bayan ɗaya ba. Ka ce babbar riga, farar shadda, aikin aska takwas, ya wadatar. Kalmomi kaɗan sun ɗauki riga guda, saboda telan ya ɗinka irinta da yawa, ya san sauran.

Haka ragar jijiyoyi ta kwamfuta ke yi, wato manhajar da aka tsara da kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sarƙe da juna, aka kuma horar da ita da tarin hotuna. Rabinta na wayar mai aikawa, yana taƙaita hoton zuwa wasu 'yan lambobi. Ɗaya rabin na wayar mai karɓa, yana sake gina hoton daga lambobin. A lokacin horo, ta fuska biyu ake cin ta tara: idan saƙon ya yi nauyi a rage mata maki, idan hoton ya kauce wa na asali a rage mata maki. Da haka take koyon abin da za ta riƙe da wanda za ta saki. Ba injiniya ne ya zauna ya rubuta mata ƙa'idar ba.

Masu bincike na Google sun fitar da takarda a kan wannan a ƙarshen 2015. A 2016 Johannes Ballé da Valero Laparra da Eero Simoncelli suka nuna yadda za a horar da tsarin dungurungum daga farko zuwa ƙarshe har ya zarce JPEG. A 2018 Ballé da abokan aikinsa a Google suka ƙara wata dabara, ta aika ɗan bayani a gefe wanda ke shaida wa mai karɓa inda hoton ke da cunkoso da inda yake fili. Akasarin abin da ya biyo baya a kan wannan tubali aka ɗora shi. A farkon 2025 kwamitin JPEG ya sanar da kammala mizanin duniya na farko na wannan hanya, mai suna JPEG AI, yana cewa ya zarce hanyoyin da suka fi ƙarfi a lokacin da kusan kashi 30 cikin 100.

Kuɗi sun biyo sawu. A 2023 aka ruwaito cewa Apple ya sayi WaveOne, wani ƙaramin kamfani a Kaliforniya mai aikin matse bidiyo da wannan fasaha, kuma injiniyoyin kamfanonin Sin irin su Huawei da ByteDance na cikin waɗanda suka yi aikin JPEG AI.

Ma'anar "sabo" a wurin lauya

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda lauyoyi ke kira fatent, ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka bayyana yadda abin da ka ƙera ke aiki a rubuce, ita kuma hukuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa.

Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo. Dokar Najeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira da zane ba ta sassauta ba a nan. Abu ba sabo ba ne idan jama'a sun riga sun samu damar saninsa a ko'ina a duniya, a kowane zamani, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar da aka shigar da takarda. Wato kundin da ke kwance a ɗakin karatun wata jami'a a Japan, wanda ba wanda ya buɗe cikin shekara 30, ya isa ya rushe iƙirarin mutum a Abuja. Sharaɗi na biyu, kada ya zama abin da duk gwanin fannin zai yi tunaninsa ba tare da wahala ba. Na uku, a iya amfani da shi a masana'anta. Dokar ta kuma ce ƙa'idojin kimiyya su kaɗai ba ƙirƙira ba ne.

A nan ragar jijiyoyi ke shiga tsaka mai wuya, domin ainihin tunanin ba na jiya ba ne. Tun 1987 Garrison Cottrell da Paul Munro da David Zipser, a Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego, suka rubuta yadda raga za ta cusa hoto ta wata siririyar ƙofa ta sake gina shi a ɗaya ɓangaren. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, sakamakon bai kai ya kawo ba, amma rubutun na nan. Takardun 2015 da 2016 da 2018 ma duk an sa su a intanet kyauta. Wannan ba ya nufin masu su ba su nemi rajista ba. Al'adar manyan kamfanoni ita ce su shigar da takarda a ofishin rajista tukuna, sannan su wallafa. Abin da wallafawar ke yi shi ne rufe ƙofa ga duk wanda ya zo daga baya.

Shi ya sa idan ka duba takardun da ake shigarwa yanzu, da wuya ka ga wanda ya ce shi ya ƙirƙiro matse hoto da ragar jijiyoyi. Lunguna ake kamawa. Wani ya ce nasa shi ne tsarin kwance lambobin ta yadda waya za ta yi sassa da yawa a lokaci guda. Wani ya ce nasa shi ne yadda raga ɗaya za ta ba da hoto mai nauyi ko mara nauyi gwargwadon buƙata. Wani kuma ya kama matsalar da ta fi ba injiniyoyi ciwon kai, wato tabbatar da cewa waya mai ƙwaƙwalwar MediaTek da mai ta Qualcomm sun yi lissafi iri ɗaya sak, don saɓanin lamba guda na iya watsa hoton baki ɗaya. Wasu daga ciki ƙirƙira ce ta gaske, an sha wuya kafin a same su. Wasu kuwa, a ganina, tsohuwar dabarar matse bidiyo ce aka ɗauko aka rataya mata sunan ƙirƙirarriyar basira.

Raba su ba aikin wasa ba ne ga jami'in da ke tantancewa. Sababbin takardun bincike na fitowa kowane mako, kowa na kiran abu ɗaya da suna daban, wasu dabarun ma ba a takarda suke ba, suna cikin manhajar da wani ɗalibi ya ɗora a GitHub. Kotuna sun fara ja wa abin birki. A Afrilun 2025, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke sauraron irin waɗannan shari'u a Amurka, a ƙarar Recentive Analytics da kamfanin Fox, ta ce ɗauko sananniyar hanyar koyar da na'ura a ɗora ta a kan sabon fanni kawai, ba tare da an inganta hanyar kanta ba, bai isa a ba mutum mallaka ba.

An taɓa yin irinta

Wanda ke ganin wannan tsoron banza ne, ya waiwayi tarihin JPEG ɗin kansa. Shekara goma bayan fitowarsa, a 2002, lokacin da kowace kyamara ta riga ta dogara da shi, wani kamfani a Texas mai suna Forgent Networks ya fito ya ce yana riƙe da wata takarda da aka shigar tun 1986, kuma duk mai amfani da JPEG ya shiga gonarsa. A 2004 ya kai kamfanoni 31 ƙara. Kafin ƙura ta lafa ya tara sama da dala miliyan 100. Sai a 2005 wata ƙungiya mai zaman kanta, Public Patent Foundation, ta kai wa ofishin rajista na Amurka shaidar cewa an riga an san dabarar kafin a shigar da takardar. A Mayun 2006 ofishin ya yi watsi da manyan iƙirarin. Amma a lokacin saura watanni wa'adin takardar ya ƙare, kuma an riga an karɓi kuɗin.

Labari na biyu ya fi ba ni haushi. Jarosław Duda, malami a Jami'ar Jagiellonian da ke birnin Krakow a Poland, ya ƙirƙiro wata hanyar ɗaure lambobi mai sauri da ake kira ANS, ya kuma sake ta da gangan don ta zama ta kowa. Facebook da Apple sun yi amfani da ita, kuma wasu daga cikin sababbin tsare-tsaren ragar jijiyoyi da ita suke ɗaure kayansu a matakin ƙarshe. Sai Google ya nemi rajistar amfani da ita wajen matse bidiyo. Duda ya yi ta ƙorafi a fili, ofishin Amurka ya ƙi amincewa a 2018, Google ya janye. A Janairun 2022 kuma Microsoft ya samu takarda a kan wani gyara da ya ce ya yi wa wani nau'inta. Mutumin da ya ba da kyauta ya koma yana gadin kyautarsa.

Akwai kuma tsarin bidiyo na HEVC na 2013, wanda masu takardu a kansa suka rabu gida uku, kowane na neman kuɗinsa. Gida ɗaya kaɗai ya riƙa karɓar santi 20 na dala a kan kowace na'ura. Ruɗanin ya sa Google da Amazon da Netflix da wasu suka haɗu a 2015 suka gina nasu, AV1, wanda ya fito a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba. Idan ka taɓa kai hoton iPhone shagon kwamfuta a Ƙaura a buga maka, mai shagon ya ce ya ƙi buɗewa, to ka ɗanɗani wannan rigima. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto da tsarin HEIC, wanda a kan HEVC aka gina shi, kuma ba kowace kwamfuta ke zuwa da manhajar buɗe shi ba.

Ofishin da ba ya bincike

A Amurka da Turai, duk da kurakurai, akwai jami'in da aikinsa shi ne ya nemo abin da aka riga aka sani ya jefa wa mai nema. A Najeriya doka ba ta ɗora wa kowa wannan aiki ba. Sashe na 4 na dokar 1970 ya taƙaita aikin magatakarda ga duba ko takardu sun cika kuma an biya kuɗi. Ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba, mai ita ne ya ɗauki kasada. Wanda ke ganin an ba da ita ba bisa ƙa'ida ba, sai ya nufi Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta, da kuɗin lauyansa.

An ga abin da irin wannan tsari ke haifarwa a Afirka ta Kudu. A Yulin 2021 ofishinta ya ba da takardar da aka rubuta sunan wata manhaja, DABUS, a matsayin mai ƙirƙira, alhali Amurka da ofishin Turai sun ƙi, kotun ƙolin Birtaniya ma ta ƙi a Disamban 2023.

Kada kuma a ɗauka takardar Abuja ba ta cizo. A Janairun 2014 Babbar Kotun Tarayya, a matakin farko na shari'a, ta umarci hukumar zaɓe ta INEC da wasu su biya kamfanin Bedding Holdings sama da naira biliyan 17 kan tsarin rajistar masu zaɓe da kamfanin ya ce mallakarsa ne. Tun 2005 kuma Najeriya ke cikin yarjejeniyar duniya da ke ba kamfani damar shigar da takarda ɗaya sannan ya bi ƙasashe yana tabbatar da ita. Ma'ana, iƙirarin da jami'in Munich zai yi wa aski ya rage shi zuwa ɗan lungu, yana iya shigowa Abuja da faɗinsa. Tsallaka iyaka zuwa Maraɗi kuwa wata doka ce daban, don Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, inda rajista ɗaya a Yawunde ke aiki a dukkansu.

Yadda kuɗin ke isowa aljihu

Takardar Amurka ba ta da iko a Zamfara, wannan gaskiya ne. Amma wayar da ke hannunka ba a Zamfara aka ƙera ta ba. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika teburan masu sayar da waya daga Ƙaura zuwa Shinkafi, duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Masu takardu sun daɗe da sa masa ido. A 2024 Qualcomm ya kai shi ƙara a babbar kotun Delhi a Indiya. Irin wannan shari'a da yarjejeniyar lasisi take ƙarewa, kuma lasisin a kan kowace waya ake lissafa shi. Santi 20 a nan, santi 40 a can, ba komai ba ne a kan wayar dala dubu. A kan wayar da ribarta 'yan daloli ce, ko dai a ƙara farashi ko a cire fasahar, a bar mai ƙaramar waya da tsohuwar hanya mai cin data.

Kwamitin JPEG ya ce burinsa shi ne ainihin tubalin JPEG AI ya zama ba kuɗin lasisi. Buri ne mai kyau, amma hukumar mizani ba ta da ikon hana wani na waje fitowa bayan shekara goma da takarda a hannu, kamar yadda Forgent ya yi.

Akwai kuma wani kuɗin da ba na lasisi ba. Ragar jijiyoyi na cin lissafi fiye da JPEG nesa ba kusa ba, lissafi kuma batir yake sha. A garin da ake kai waya shagon caji a biya, rangwamen data na iya komawa aljihun mai janareta.

Hoton da ba haka aka ɗauke shi ba

Mu koma wurin tela. Idan ka ce masa aska takwas, ya ɗinka abin da ya saba. Idan a rigar da ka gani akwai wani ɗan aiki da bai taɓa gani ba, ba zai bar wurin fili ba, zai cike da abin da ya sani, kuma rigar za ta fito tsaf.

Wannan shi ne abin da ya fi damu na a matsayin ɗan jarida. Idan JPEG ya ɓata hoto, kowa na gani, don ya dushe. Nau'in ragar da aka horar don ta faranta wa ido rai, kamar HiFiC da masu bincike suka nuna a 2020, idan bayani ya yi mata kaɗan ƙirƙiro cikon take yi, hoton ya fito garau. Ba duk tsarin ragar jijiyoyi ke haka ba, akwai waɗanda aka ɗaure su ga bin asali, amma mai waya ba shi da hanyar sanin wanne manhajarsa ta zaɓa masa.

An ga ɗanɗanon haɗarin tun kafin wannan zamani. A 2013 wani masanin kwamfuta ɗan Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan sikanin na Xerox na sauya lambobi a takardu, 6 ta koma 8, saboda hanyar matsewar na maye gurbin alama da wata mai kama da ita. A 2020 kuma wata manhajar gyara dusasshen hoto mai suna PULSE ta mayar da hoton Barack Obama fuskar wani Bature, abin da aka danganta da irin fuskokin da aka horar da ita da su.

Yanzu ka auna wannan da abin da hoto ke yi a yankinmu. Da shi ake neman wanda aka sace. Da shi ake gane saniyar da aka kora, ta tabon da ke jikinta ko yankan kunne. Da shi ake karanta lambar babur, da adadin da ke kan rasit, da makin da ke kan takardar jarrabawa. Tsagen fuska, rubutun ajami, zanen ƙaho, duk abubuwa ne da ba lallai ragar da aka horar a Shenzhen ko Kaliforniya ta ga irinsu da yawa ba. Takardar mallaka kuma tsarin ragar take bayyanawa. Hotunan da aka yi horon da su da lambobin da ragar ta koya, kamfani na iya riƙe su a matsayin sirrin kasuwanci. Wato hukuma ta ba da shekara 20, amma ɓangaren da ke yanke abin da za a cike a fuskar mutum bai fito fili ba.

Ni dai yanzu, hoton da zai iya zama shaida ba na tura shi a matsayin hoto. A matsayin fayil nake tura shi, ko da zai kwana yana tafiya, kuma ba na goge na asalin.

Ɗalibin Ƙaura da ya ƙera wani abu

Wannan doka ta "sabo" ba manyan kamfanoni kaɗai take yanka ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, na yaye ɗalibai kowace shekara, kowanne da aikin kammala karatunsa. Abin da matashi ke fara yi idan ya ƙera wani abu shi ne ya ɗora bidiyonsa a Facebook ko TikTok yana bayanin yadda yake aiki. A idon dokar Najeriya, daga wannan rana abin da ya bayyana ya shiga cikin abin da jama'a suka sani, ko da shi ne ya bayyana shi da bakinsa. Amurka na ba mai ƙirƙira rangwamen shekara guda bayan ya bayyana abinsa. Dokarmu rangwamen wata shida kawai ta ba da, shi ma ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Hukumar NOTAP da ke Abuja na taimaka wa masu bincike shigar da takarda, amma sai an je mata kafin a ɗora, ba bayan an ɗora ba.

Ɗalibin da ke son shiga wannan fage ba zai yi gogayya da Huawei a kan tsarin raga ba, kuma ba sai ya yi ba. Manhajojin horar da irin wannan raga suna nan kyauta a intanet. Abin da babu a Shenzhen shi ne tarin hotunan shanun Shinkafi da rasit ɗin POS da fuskokin mutanen nan, waɗanda za a gwada waɗannan tsare-tsare da su a ga inda suke ƙarya.

Kafin ya fara, zai so ya san lungunan da aka riga aka kama. Zai iya duba rumbun WIPO ko na Google Patents kyauta, idan sabis ya bari. Sai dai a mafi yawan ƙasashe takardar da aka shigar na zama a rufe har wata 18 kafin a buga ta, don haka abin da kamfanoni suka nemi mallaka a cikin shekara ɗaya da rabi da ta wuce, ba a Ƙaura kaɗai ba, ko a Abuja ba wanda zai iya karanta shi tukuna.